Inna Tawa ta Dogo-Dogo

In ka shiga Dogo-Dogo ka ce a nuna maka gidan Yakura, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce gidan Inna Tawa, ko ɗan kabu-kabun da ya zo garin jiya zai kai ka har ƙofa, ya nuna maka ƙaton bedin nan, wato darbejiya, da ya leƙo ta saman katanga, ya kuma ƙara maka da cewa in kitso matarka take so, ta yi sammako. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan Yakura tana kitso a gindin bedin nan. Kawunan da suka wuce ta tsakanin gwiwoyinta Allah kaɗai Ya san yawansu: na amare, na masu jego, na ƴan mata masu rawar kai, har da na tsofaffin da gashin bai kai a kama da farce ba amma sun rantse sai an yi musu shuku. Hannunta da zafi, bakinta ya fi hannun zafi. In kika motsa ta dungure miki ƙeya, in kika yi ƙwalla ta ce ki adana ta sai ranar naƙuda. Sai dai kitsonta yakan yi wata bai tashi ba, shi ya sa ake shan dungurin ana dawowa.

Kai ɗaya ne bai taɓa shiga hannunta ba, na ƴarta ta fari. Ana saura ƴan kwanaki Babbar Sallar bara kuwa, ƴar nan ta aiko daga Damagaram cewa za ta zo Sallah gida, amma daga wannan ta yi ban kwana da Dogo-Dogo.

Bari in koma baya kaɗan, don ba za a gane zafin maganar ba sai an san inda sunan Inna Tawa ya samo asali.

Yakura ƴar wani ƙauye ce gabas da Dungas. Ita ta ga Lado a kasuwa yana cinikin wake, ta ce shi take so, aka kuwa ba ta shi. Lado mutumin Waca ne, gonar kawunsa ce ta kawo shi Dogo-Dogo, mahaifiyarsa Kellu tana can Waca. Haihuwar fari aka sami mace, aka raɗa mata Fatsuma. Da lokacin yaye ya yi, Kellu ta zo da kanta a amalanken jaki, ta ɗauki jikarta ta goya a baya, ta tsaya a bakin ƙofa a gaban matan unguwa ta ce, “Yakura, ki yi ta haihuwa, na gaba duk naki ne. Wannan kam tamu ce.” Mata suka kwashe da dariya, aka yi ta cewa “Tamu ta tafi Waca, Tamu ta tafi Waca.” Sunan yanka ya kwanta tun daga ranar, Tamu ya bi yarinya.

Yakura ba ta yi kuka a gabansu ba, yo ina za ta yi? Ta shige ɗaki ta kama tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe tun da safe. A zamaninsu mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna shi a gaban mutane ta ce nata ne. Kowace mace ta san wannan, kuma ga yawancinsu ba wani aiki ba ne. Wadda ɗanta Husaini ne sai ta ce “yaron nan”, shi ke nan ta huta. Ita Yakura Allah Ya haɗa ta da surukar da ta zaɓo wa ƴarta kalmar da ba a wuni ba a faɗe ta ba.

Kai, ta sha wahala da farko. “Gonarmu” ba ta dame ta ba, wannan tana faɗa lafiya lau. Amma a tambaye ta akuyar can ta wa ce, sai ta buɗe baki ta tsaya cak. Ta gwada “ta gidan nan ce”, ta gwada “ta wajen su Malam ce”, duk suka yi wa harshenta tsawo, ga ta da saurin magana. Ranar nan dai ta yanke wa kanta wahala, ta ce “tawa ce”. Tun daga nan komai ya zama nata. Tukunyar da aka yi karo-karo aka saya don biki, tawa ce. Rijiyar da mazan unguwa suka yi rani guda suna haƙa, wani baƙo ya tsaya shan ruwa ya tambayi ta wa ce, Yakura da guga a hannu ta ce masa tawa ce, ya yi ta sa mata albarka har ya ɓace. An ce wata rana wani Bakano ya zo cin kasuwa yana ta kurin ƙasarsu, ta dube shi ta ce, “To, ku riƙe taku, Nijar dai tawa ce.”

Lado kuwa abin nema ya samu. Ya zauna a dakalin ƙofar gida ya ce wa abokansa, “Ku lura da kyau. Rago namu ne, tunkiya tata ce. Zakara namu, kaza tata. In aka bi ta bakin matar nan, duk abin da ke haihuwa a gidan nan nata ne, ni na tashi da masu ci ba su biya.” Daga bakinsa Inna Tawa ya fita, har jikokin tsararrakinta da shi suka taso. Ita ba ta ji haushi ba ko kaɗan, alfahari ma take yi. In tsofaffi za su yi wa amarya faɗa a kan rashin kunya, da ita suke misali, su ce je ki ga Yakura, ta gwammace a ce mata mai haɗama da ta kama sunan ƴarta.

Ita kuwa Tamu tana can Waca, ƴar lelen kakarta. Iya take ce wa Kellu. An sa ta lakwal, wato makarantar boko, ga ƙwaƙwalwa. In an yi hutun bakansi ko Sallah ta gabato, Lado ya je ya ɗauko ta a bayan keke, ta zo ta iske ƙannenta, Hinda da ke bi mata da su Hamisu, sun cika gida. Tana son zuwan nan ƙwarai. Tana son ƙanshin man shanun da ke tashi a gindin bedi, da hayaniyar ƴan mata ranar jajibiri, kowace da tsefaffen kai tana jiran layi. Takan zauna a gindin rumbu ta zuba ido tana kallon kan Hinda a cinyar uwarsu, ana ja ana dungura, Hinda tana ihu tana cewa ita ta fasa. Wallahi da za a ce wa Tamu ta zo ta karɓi dungurin nan, da gudu za ta zo. Amma ita gidan maƙwabciya ake tura ta, wata baiwar Allah mai kirki wadda tsagarta ba ta taɓa tafiya a miƙe ba.

Yakura tana gani. Ta wutsiyar ido take kallon karkatacciyar tsagar nan a kan ƴarta, abin yana cin ta har cikin ƙashi. Sai ta ware man da ya fi kyau ta ba Hinda ta ce a kai wa maƙwabciya. Da safen Sallah Tamu takan farka ta ga sabon zane a ninke a gefen tabarmarta, ƙwaryar furarta kuma ta fi ta kowa kauri, ba wanda zai ce ga wanda ya ajiye. In baƙi sun zo yawon Sallah suka ce, “Wannan kyakkyawar yarinyar fa?” sai Yakura ta sunkuyar da kai ta ce, “Ta mutanen Waca ce.”

Kun ji fa. Matar da ta ce rijiyar unguwa tata ce, ta ce ƙasa sukutum tata ce, aba ɗaya da ta ɗauka wata tara ta haifa da kanta, ita ce ta mutanen Waca.

Tamu ta girma, ta yi karatu, ta zama madam tana koyarwa a wata lakwal a Damagaram, ta yi aure can, ta hayayyafa. Ba ta taɓa fashin Babbar Sallah ba. Ta biya ta Waca ta kwana wajen Iya, sannan ta ƙaraso Dogo-Dogo. A shimfiɗa mata sabuwar tabarma, a kawo mata ruwa a kofin da ake ajiye wa baƙi, in za ta koma a naɗe mata cinyar rago guda a takardar siminti, Hinda ta miƙa mata. In za ta ambaci uwarta sai ta ce “Innar su Hinda”. Haka aka yi ta tafiya, ba wanda ya ga abin magana a ciki. Sai Kellu ta rasu da tsufanta. Ba a daɗe ba Lado ya bi ta.

Saƙon da na faɗa muku ta talhon Hinda, wayarta ta hannu, ya zo. Talhon nan ya taɓa faɗawa cikin randa, tun daga nan ba ya jin magana sai a bayyane, kowa na kusa sai ya ji. Hinda, wadda ke aure nan cikin gari, ta shigo gida da hantsi, Yakura tana tsakiyar yi wa wata mai jego kalaba, sai ga kiran yayarta.

“Zan zo bana,” in ji Tamu, “amma ni kaɗai, ba zan wahalar da yara ba. Kuma ki gaya wa Innarku daga wannan shi ke nan.”

Hinda ta ce, “Subhanallahi! Yaya, me aka yi miki?”

“Ba a yi mini komai ba, shi ne ai. Ni ba yarinya ba ce, Hinda, na san kunya ce, na san al'ada ce. Da Iya tana da rai ban damu ba, ina da wadda za ta kira ni in amsa. Yanzu Iya ta tafi, Baba ya tafi. Wa take jin wa kunya kuma? Na gaji da shiga mota tun daga nan in zo in zauna a sabuwar tabarma a gidan da aka binne cibiyata. In baƙunta ce, ina da inda zan yi ta nan kusa.”

Yakura ba ta ɗago ba, ta ce, “Ki ce da mutanen Damagaram Allah Ya kawo su lafiya.” Ta ja gashin mai jegon nan ja ɗaya, sai da baiwar Allah ta kira sunan uwarta.

Da mutane suka watse Hinda ta tsare ta. “Inna, suna ne fa kawai. Ki kira ta sau ɗaya, me zai ragu a jikinki?”

“Ke kika san suna,” in ji Yakura. “Ke da kike ƙwala wa naki ɗan farin kira tun daga nan har bakin kasuwa, kina lashe masa fuska a gaban surukanki. Ni ba haka aka raine ni ba. Ta rasa ci ne a gidan nan, ko ta rasa sutura? Tashi ki ba ni wuri.”

Baki ne kawai. A cikinta tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka fita da Lado. Ta san halin ƴarta sarai, don halinta ne ta ɗauko: in ta ce ta gama, ta gama. Kuma tambayar da Tamu ta yi ta ƙi barinta. Wa take jin wa kunya? Ta duba ta duba ba ta ga kowa ba, duk waɗanda za ta sunkuyar wa kai suna maƙabarta. Abin da ya rage shi ne sunan da ta yi a gari, da harshen da ya riga ya sandare.

Ta gwada fa, kada a ce ba ta gwada ba. An yi ruwan shuka a makon, gari ya yi sanyi, mutane duk suna gona. Ta zagaya bayan gida da ƙwaryar dusa, ta waiga hagu ta waiga dama, daga ita sai tunkiya. Ta dubi tunkiyar nan ido cikin ido, ta gyara murya, ta ce, “Ta…” Sai ta ji bakinta ya ƙarasa da kansa, “…wa.” Ta sake, haka. Tunkiya ta ci dusarta ba ta ce komai ba. Yakura ta yi tsaki ta ce, “Ke ma da ganinki munafuka ce,” ta koma ciki.

Ranar jajibiri Tamu ta iso da la'asar, bayan motar ta gama tsaye-tsayenta a Magarya da Dungas. Mace ce doguwa kamar ubanta, da farin gilashi, da ƴar jaka ɗaya wadda da ganinta ka san ba ta mai daɗewa ba ce. Ta durƙusa daga nesa ta gaida uwarta. Yakura ta amsa wa kan da ke hannunta, “Lafiya lau. An zo lafiya? Ya mutanen can?” Hinda ta shimfiɗa sabuwar tabarma.

Amma Yakura da shirinta. Tun da safe take korar masu kitso, ta ce yau da wuri za ta tashi, har wata ta yi fushi ta tafi da rabin kai a tsefe. Da ta sallami ta ƙarshe ba ta naɗe tabarmar kitso ba. Ta ɗauko man da ta ɓoye, ta goge tsinkenta da gefen zane, ta gyara zama, ta dubi reshen bedi ta ce da ƙarfi, “In akwai wadda ba a yi wa kitso ba a gidan nan, ta zo, rana tana faɗuwa.”

Tamu ta ji. Ta dubi tabarmar, ta dubi uwarta, ba ta motsa ba. Ni dai ban ga laifinta ba, mace mai ƴaƴa har a lise, babbar sakandare, ba za ta taso don an yi magana da reshen bedi ba. Sai ga wata ƴar maƙwabta da ta leƙo aron turmi ta ce, “Lah, Inna, ni ce!” ta zo ta zube a tsakanin gwiwoyin Yakura. Yarinyar nan ta sha dungurin da ba ta san dalilinsa ba.

Ranar Sallah aka sauko daga idi, Hamisu ya yanka rago, aka feɗe, aka buɗe shi a kan sanduna aka jingina a bakin wuta a ƙofar gida, jere da na maƙwabta, kamar yadda ake yi, sai washegari a raba. A cikin gida mata suka ɗora kaskon suyar kayan ciki. Hayaƙi ya turnuƙe, itacen da ɗan danshin ruwan da aka yi. Tamu ta gaji da zama, ta cire mayafi, ta taso ta karɓi ludayi a hannun matar Hamisu. Yakura ta ga hayaƙi yana shiga ƙarƙashin gilashin nan, ta ga idon ƴarta ya yi ja, tausayi ya kama ta. Ta ce, “Ku karɓi ludayin nan mana, ku bar baƙi su huta.”

Ashsha! Tun kafin ta rufe baki ta san ta yi ɓarna. Tamu ta ajiye ludayin a hankali a bakin kasko, ta ce, “Gaskiya ne,” ta koma tabarmarta. Hantar da aka kawo mata ma ba ta taɓa ba. Yakura ta wuni tana faɗa da kowa, da matar Hamisu, da kaji, da itacen da ya ƙi kamawa, alhali da kanta take.

Washegari da hantsi aka sauke rago aka shiga rabo, na dangi, na maƙwabta, na mabuƙata. Yakura da hannunta ta ware cinya ta naɗe a takardar siminti, don ba ta san wata hanyar ba. Tamu ta riga ta yi wanka ta sa mayafi, jakarta a gefe, an aika a kira mai kabu-kabu ya kai ta tasha. Gidan cike da mata masu kawo nama da masu karɓa, tsofaffin unguwa sun baje a gindin bedi.

Ana cikin haka sai ga guɗa daga zaure. Zabiya ce, Zahara'u ƴar Mallawa, mai zagaya gidaje da Sallah tana wasa mata ana yi mata kyauta. Uwarta ce take wannan zagayen a da, uwar kuwa ta san kowa har kakanninsa, ba ta tambaya. Ƴar ta gaji muryar amma ba ta gama sanin mutane ba. Ta shigo da ƙwaryarta tana kaɗawa, ta fara da mai gida: “Inna Tawa mai rijiya, Inna Tawa mai kasuwa, mai tsinken da ya gagari ƴan birni!” Aka yi ta dariya. Ta wasa Hinda, ta wasa matar Hamisu. Sai idonta ya faɗa kan mai farin gilashi da jaka a gefe.

“A'a, ga wata babbar mace ban san ta ba. Wannan ta ina ce, in wasa ta?”

Wata tsohuwa ta ce, “Ta mutanen Wa…”

“Dakata, Gwaggo, mai gida nake tambaya,” in ji zabiya, tana murmushi, don a zatonta wasan da aka saba za a yi. “Inna, ke da komai naki ne, wannan fa? Ta wa ce?”

Ba wanda ya yi dariya. Matan da suka san zancen suka sunkuyar da kai. A waje mai kabu-kabu ya danna oda. Tamu ta miƙe, ta rataya jakarta, ta karɓi ƙunshin nama daga hannun Hinda, ta juya wajen zaure don ta sauƙaƙa wa kowa.

Yakura tana kallon bayanta. Rabonta da ta kalli bayan nan sosai tun yana ɗaure a zanen Kellu, ranar ma a wannan ƙofar ce, ranar ma ba ta ce komai ba. Ta ji zuciyarta ta ce mata in ta bari aka fita da yarinyar nan karo na biyu tana tsaye, to ba kunya ba ce, wauta ce.

Ta ce, “Tamu ce.”

A hankali ta faɗa, amma sunan ya fito. Tamu ta tsaya cak, ba ta waiwayo ba.

Zabiya, baiwar Allah, ba ta gane komai ba. Ta ce, “To, taku ce, madalla. Wane suna?”

Nan fa Yakura ta dawo Yakurarta. Ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu. “Ke kurma ce? Na ce miki Tamu ce! Sunanta ke nan, Tamu. Ƴata ce ta fari, a ɗakin can na haife ta, ni na sha wuyarta ba mutanen Waca ba. Tawa ce, in kina son ki ji wannan ma. Ki wasa ta da kyau, in kika yi mini ƙwauron murya ko ƙashi ba za ki fita da shi daga gidan nan ba.”

Tsohuwar nan ta kama baki ta ce, “La'ilaha illallahu! Yau Yakura ta zubar da kunya.”

“Na riƙe ta shekara arba'in,” in ji Yakura. “Wadda ta ga ta zube ta kwashe ta kai gidanta.”

Sannan ta juya, ta dubi ƴarta, ba reshen bedi ba, ba ƙasa ba. Ta ɗaga murya yadda take ɗaga wa Hinda, yadda har maƙwabta za su ji ta bayan katanga.

“Tamu!”

Tamu ta juyo. Gilashin ya riga ya jiƙe da hawaye. Ta ce, “Na'am, Inna.”

“Ajiye jakar nan. Hinda, karɓi naman can ki juye a tukunyar gida, ki ce wa mai babur ya tafi, Allah Ya ba shi wani. Ke kuma zo nan ki zauna in ga abin da ƴan Damagaram suka yi miki a ka.”

Zabiya ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka kama, Hinda tana kuka tana dariya da ƙunshin nama a ƙirji. Yakura ba ta kula kowa ba. Ta jawo tsohuwar tabarmar kitso da ƙafa, ta zauna, ta buɗe gwiwoyinta. Tamu ta cire takalmi, ta cire gilashi, ta zauna a ƙasa ta ba uwarta baya. Yakura ta zare mayafin, ta kwance ɗankwalin, ta dubi kitson ta yi tsaki ta ce wannan da ƙafa aka yi shi. Ta sa tsinke ta fara tsifa.

Layi biyu ta tsefe hannunta ya tsaya. Ƙarƙashin baƙin duk fari ne, daga goshi har tsakiyar kai. Kan da ta sani shi ne mai laushin nan na ranar yaye, ba ta ga lokacin da ya zama wannan ba. Baƙin ciki ya taso mata.

Ta ce a hankali, “Ashe har kin yi furfura.”

“Ta daɗe, Inna.”

Yakura ta lakato mai ta shafa, ta ja tsaga tun daga goshi har ƙeya, miƙaƙƙiya sambal. Hannun da garin nan kaf ya sani da zafi, yau lallaɓawa yake yi, kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. Tamu ta ji haka, ta ɗan jira, sai ta karkata kai gefe da gangan. Yakura ta gyara shi. Ta sake karkatawa. Hannu ya riga tunani, ji kake ƙwas, an dungure wa madam ƙeya a gaban matan unguwa.

Tamu ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa fuska a gwiwar uwarta kafaɗunta suna rawa. Yakura ta bar ta ta yi mai isarta, tafin hannunta a kan furfurar. Da ta lafa ta kama haɓarta ta ɗago kan.

“Zauna daidai, Tamu,” in ji ta. “Kan nan da sauran aiki.”